Ranar da Auta ta Ɓace Mini

A bakin kasuwa Auta ta ɓace mini. Wata babbar mota ce ta gifta tsakaninmu, kafin ta wuce babu Auta babu alamarta.

'Yar tawa ciwon fargaba ke damunta. Da ta shiga taro sai numfashinta ya sarƙe, jikinta ya hau rawa. Ban da ƙwayoyi, likita ta ba ta aiki: kullum ta fita ita kaɗai, yau bakin titi, gobe kanti, har ta kai kasuwa. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Sai in rufe shagona in bi ta a ɓoye, ina raɓewa bayan motoci kamar ɓarawo.

Na kutsa cikin rumfuna ina ƙwala mata kira, ina leƙa ƙarƙashin tebura ko ta faɗi. Takalmina ɗaya ya tsinke, na bar shi nan. Wayarta a kashe.

Da gudu na iso gida. "Maman Auta, fito! Na yar da yarinyar nan!"

Sai ga Auta a tsakar gida tana yanka albasar da ta sayo.

"Baba, zauna ka sha ruwa," in ji ta. "Tun ranar farko nake hango hularka. Likita ta ce muddin kana bayana, ban fara magani ba. Aikina na yau shi ne in zille maka."

Uwarta ta dubi ƙafata, ta girgiza kai. "Kuma ta ce gobe kai take son gani, Malam."