Sawu a Kan Jar Ƙasa

Da gangan ta buga ƙwallon waje. Maki ɗaya ya rage a fitar da ita daga gasar, ita kuwa ta riga ta rantse: in ta faɗi yau, ita da tanis har abada. Tun tana ƙarama mahaifinta ke tsaye a kanta a wannan fili na Toulouse, yana jan gurguwar ƙafarsa, yana zagaye sawun kowane bugunta da yatsa a ƙasa. Bara aka binne shi. Ta gaji, so take ta huta.

"Waje!" in ji abokiyar karawarta, tana dariya. "Tafi gida, 'yar baba, miyarki na hucewa."

Sai dai a filin jar ƙasa baki ba ya raba gardama, don ƙwallo na barin sawu. Alƙaliyar wasa ta sauko daga doguwar kujerarta, ta duƙa, ta daɗe tana kallo.

"Ya taɓa layi. A ci gaba da wasa."

"Madam, da taku guda fa ya wuce layin," in ji wadda ta buga ƙwallon. "Ni na buga, na sani."

"Matso ki leƙa. Har wani ya zagaye mana shi da yatsa."

Ta matso bakin raga. Ga sawun daram a kan layi. Gefensa kuma sabon sawun takalmin namiji, ƙafa ɗaya a take, ɗaya a ja. Ta bi shi da ido: ya zagayo raga, ya zo ya tsaya daidai bayanta.