Doguwa ko Gajeruwa

Da igiyar shanya Andrawus ya auna kekunan nan biyu masu ƙafa uku a tsakar gidan Jason. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ƙulla igiyar a inda ta tsaya, ya girgiza kai. Ko makaho ya shafa ya san ƙaramar tirela ta ishe su. To me ya kai Jason ɗaukar doguwa?

Jason amininsa ne, shi ya yi masa abokin ango, kuma benci ɗaya suke zama a zumuntar maza ta cocinsu a Kafanchan. Sana'arsa sayen tsofaffin kekuna masu ƙafa uku, ya gyara, ya ɗora su a tirelar da ake ɗaura wa mota a baya, ya kai Jere. Wannan karon da Andrawus za a tafi. Jason ya ce zai ba shi ɗaya ya riƙa ja a can, ya samu abin aiko wa matarsa Hellen da yara.

Ba don wannan ba, Andrawus bai san inda zai sa kansa ba. Tun Litinin ɗin Ista yake zaune. Ranar sun hau tudu da iyali wajen taron Galili da coci kan yi, ana ta waƙa da cin shinkafa, suka dawo da la'asar suka tarar da ƙofar gida wayam. Kekensa ya yi ƙafa. Kuma ba keken da zai ɓace a gari ba ne, don ya sa an ƙara masa ƙarfe a baya saboda buhunan citta da yake ɗaukowa daga Kwoi, har 'yan tasha suna tsokanarsa da Mai Wutsiya.

Jason, da ciwon ciki ya hana shi zuwa Galili, shi ya fara isowa jaje. Ya kawo makulli na biyu na keken, wanda yake ajiye masa, ya danƙa masa, idonsa jajur. Sai da Andrawus ya matsa masa sannan ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa, cewa ya hango Hammawa yana zagaye a layin da rana.

Hammawa kuwa Bafulatanin da rugarsu ke bayan gari ne, wanda matarsa take kawo wa Hellen nono tun kafin su haifi ɗan fari. Andrawus bai tsaya tambaya ba. Ya je ya ci kwalarsa a tsakiyar kasuwa, ya kira shi ɓarawo a gaban jama'a, 'yan banga suka tafi da shi. Aka bincika ba a samu komai ba, aka sake shi. Daga ranar nono bai sake shigowa gidan ba, in sun haɗu a hanya Hammawa sai ya kau da kai. Abin yana cin Andrawus a rai, amma yana gaya wa kansa ai Jason ba zai yi masa ƙarya ba.

Shi ya sa maganar tirelar ta tsaya masa. Mutumin da ya yi maka wannan halacci, ka zuba ido ya yi asara? Doguwar tirela ga shan mai, ga wahalar shan kwana a hanyar Kwoi. Ya yi wa Jason maganar, Jason ya yi dariya.

"Bar shi kawai, broda. Na riga na gama magana da mai ita."

Andrawus dai ba ya jin bari in ya ga gyara. Ya tambayi matar Jason inda ake hayar, ta ce wajen wani Baba Gershon ne, a Zonkwa. Zonkwa kuma? Duk masu tirelar da ke Kafanchan? Ya ce wataƙila can ta fi sauƙi. Washegari da safe ya naɗe igiyarsa ya hau bas, yana ta murmushi shi kaɗai, yana hango fuskar Jason in ya ji an rage masa wahala.

Baba Gershon dattijo ne mai son hira, yana zaune a kan taya yana cin gyaɗa. Tireloli biyu ne a filin, doguwa da gajeruwa. Andrawus ya gaishe shi, ya ce shi direban Jason ne na Kafanchan. Ya shimfiɗa igiyar a kan gajeruwar, ƙullin ya tsaya da sauran wuri.

"Baba, ka gani? Keke biyu ne, gefe da gefe. Wannan ta isa."

"Ta isa mana," in ji dattijon. "Ni ma na gaya mishi. Amma oga naka ya rantse ba zai sake taɓa ta ba, tun da ta ba shi kunya."

"Wace kunya?"

Baba Gershon ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, yana dariya tun kafin ya fara.

"Ai ranar na sha wahala, ɗana. Litinin ɗin Ista ne, mutane duk sun tafi Galili, ya zo ya tashe ni a gida wai sauri yake yi. Muka tura, muka ja, ƙofar baya ta ƙi rufuwa, dole muka sauke muka ɗauko doguwar. Wani keke ne ya kawo mai dogon ƙarfe a baya, duk warin citta. Ya ce na amininsa ne, shi ya ba shi makulli ya kai masa Jere ya sayar."