Maraƙi a Turke

Tun da aka kafa dokar harshe guda, duk yaron da ya isa shiga makaranta sai an kai shi awo. Ana kifa masa wata hula mai fitila. In ta nuna kore, a sallame shi. In ta nuna ja, harshe biyu ke kansa, sai a riƙe shi har ɗaya ya bushe.

Dija na tsaye bayan 'yarta Iklima a ɗakin awo. A waje Hausa suke yi, amma a gida kakar yarinyar ba ta jin komai sai Fulatanci.

Wata ma'aikaciya ta kifa wa Iklima hular, ta danna wani abu. Muryar wata tsohuwa ta cika ɗakin da Fulatanci, tana kiran jikarta ta zo ta sha nono. Dija ta sunkuyar da kai don kada fuskarta ta tona su.

Fitila ta nuna kore.

Sai da suka yi nisa Dija ta yi raɗa: "Yaya kika yi?"

"Kaka ce ta ce in ɗaure Fulatancin a turke kamar maraƙi, in mun dawo in kwance."

Suna shiga gida kakar ta taso da ƙwarya, tana yi wa jikarta kirari da Fulatanci. Iklima ta tsaya tana kallon bakinta.

"To, kwance shi mana," in ji Dija.

Yarinyar ta rufe ido, ta daɗe.

"Inna, na je turken. Igiya kawai na tarar."