Lemon Gwaggo

Ranar da ƙanwar mijina ta sauko daga jirgin ƙasa na Ƙaura da lemon kwalba, ɗiyata ta ture ƙoƙon kununa. Kwana uku na yi ina tsirar da dawarsa, na tace, na ba awaki dusar.

"Inna, na Gwaggo ya fi daɗi."

"Sai ta goya ki," na ce.

Da gwaggon ta tafi, na wanke kwalbar tas, na ɗura kunun zaƙina, na toshe da totuwa, na miƙa wa yarinyar.

Ta shanye, ta lashe leɓe, ta dube ni da tausayi.

"Inna, in Gwaggo ta dawo, ki roƙe ta ta koya maki."