Man da Ya Daskare

Motar ta yi tari sau biyu, ta mutu a kan duwatsun Pamir da tsakar rana, dusar ƙanƙara ko'ina. Mai motar ya murɗa makulli, shiru. Tanki cike, batir sabo, to mene ne? A gefensa matarsa tana cije leɓe, naƙuda ta kankama, asibiti kuma da sauran tafiya.

"A ina ka sha mai?" in ji mahaifiyarsa, wadda ta rako su.

"A kwari, Inna."

"Dizal ɗin bazara, wanda ba ya jure sanyi, ka hawo da shi nan? Kai da ubanka duk ɗaya!"

Ya leƙa tanki, ya tarar man ya daskare kamar man shanu. Sai an hura wuta a ƙarƙashinsa, ga shi tudun ko kara babu.

"Miƙo min ƙarfen taya."

"Inna, me taya ta yi kuma?"

Inna ta fizge ƙarfen, ta hau bayan mota. Yana tsaye baki buɗe ya ji katako yana karyewa. Gadon jaririn da ta raine su su bakwai a ciki ne, wanda ta ɗauko wa jikanta.

"Ƙyasta ashana," ta ce. "Bari jaririn ya iso tukuna, cinyata ta ishe shi gado."