Rabon Manhajar Dillalai

"Zaɓi ɗaya," in ji Ishaq. "Tunda tafiyar ta ƙi, a raba."

Sufyanu ya danne murmushi. Su biyu suka rubuta manhajar da dillalan shanu na Talata Mafara, Bakura da Maradun ke duba farashi da ita. Sufyanu da kansa ya kafa ƙa'idar haɗa ta. Zaɓi guda yana fitar da ƙunshin da ake sa wa waya, ɗayan kuma ƙunshin saba, na'urar da ke riƙe bayanai tana amsa wa wayoyi. Ba a cakuɗa su.

"Saba nake so," in ji Sufyanu.

"Ka tabbata, abokina?"

"Riƙe fatar, ka bar mini naman."

Ran nan ya kashe sabar, ya zauna jiran Ishaq ya zo roƙo, dillalai na biye da shi. Mako ya wuce, ko sallama babu.

Ran Talata ya shiga kara, kasuwar shanu. Ya iske Alhaji Jibrin, tsohon dillali, yana latsa manhajar, farashi na fitowa tsaf. Ashe Ishaq ya kafa sabuwar saba, ya canza layi ɗaya na adireshin saba wajen haɗa ƙunshin waya, ya tura wa dillalai, wayoyi suka koma can ba wanda ya lura.

Alhaji ya ɗago kai. "Samari, mi kake kallo? Aikin Ishaq ne, shi kaɗai ya yi abinsa. Kawo wayarka in gwada maka yadda ake amfani da ita."