Gwiwar Mama

"Mama, ya taka! Wallahi ɗazu ya taka!"

Haka na faɗa ɗakin mahaifiyata da yarona a kafaɗa, ko sallama ban yi ba. Kullum wurinta nake barinsa in wuce shagon ɗinki, ba ni da kowa sai ita. Tana bakin gado tana murza man zafi a gwiwa. Likita ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi ke gogar ƙashi, magani sai dai ya rage ciwon.

"Maigidan nawa? Wannan ragon?" Ta yi dariya. "Sauke shi in gani."

Na dire shi. Ya yi tangal-tangal ya nufi ƙofa, ni kuwa ina ta tafi ina tsalle. Ashe a buɗe na bar ta, ga matakalar bene. Mama ta yunƙura, gwiwar ta yi ƙas, ta koma zaune. Ta sake, ta kasa. Ni na cafko shi a bakin matakala.

Ta daɗe tana kallon 'yan ƙafafunsa.

"Gobe kar ki kawo min shi, 'yar nan. Ya fi ni sauri."